Ɗalibin Kasuwanci Ya Fara Riƙon Amana Tun Yana Jami'a

A kowace shekara jami'o'in Nijeriya suna yaye dubban matasa masu digiri a fannonin gudanar da kasuwanci, aikin akanta, harkar banki da tattalin arziki. Duk da haka, idan ɗan kasuwa a Kantin Kwari, ko a Mile 12 ta Legas, ko a babbar kasuwar Anacha ya tashi neman wanda zai damƙa wa shago ko makullin sito, da wuya ya waiwayi jami'a. Yakan ɗauko ɗan ƙanensa, ko yaron da ya shekara bakwai yana ɗaure masa dila. Hujjarsa ita ce ya ga yadda yaron yake yi idan kuɗin wani ya shiga hannunsa, shi kuwa mai digiri takarda kaɗai ya nuna masa. Malaman jami'a suna iya kiran wannan ra'ayin riƙau, amma hujjar tana da nauyi, kuma ta taɓo ainihin abin da ya rage a ilmin kasuwanci na ƙasar nan.

Ɗalibi yana iya shekara huɗu yana karanta lissafin riba da faɗuwa, ya ci jarrabawa da kyakkyawan maki, ya fito bai taɓa riƙe Naira dubu goma ta jama'a ba, balle a tsare shi ya faɗi yadda ya kashe ta. Wuri ɗaya ne a harabar jami'a da ake ɗora wa matashi irin wannan nauyi, wato ƙungiyoyin ɗalibai. Hukumomin jami'a sun ɗauke su abin ɗebe kewa, 'yan kasuwa kuma ba sa tunawa da su sai an kawo musu takardar roƙon gudummawa. Ya kamata ɓangarorin biyu su sake duba wannan matsayi, domin a cikin waɗannan ƙungiyoyi ne za a iya gwada manajojin gobe tun kuɗin da ke hannunsu bai kai ya rusa kamfani ba.

In an bi tarihi, za a ga cewa an kafa ilmin kasuwanci na zamani a ƙasar nan ne domin samar wa gwamnati da manyan kamfanoni ma'aikata. Makarantar horas da akawuna da aka buɗe a Kongo ta Zariya a 1947 ita ce ta zama Cibiyar Koyar da Sha'anin Mulki a 1954, aka kuma haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello lokacin da aka kafa jami'ar a 1962. A nan aka horas da ma'aikatan baitulmalin En'e da akantocin gwamnatin Jihar Arewa, daga baya kuma manajojin bankuna da kamfanoni. Jami'ar Legas, wadda ita ma aka buɗe a 1962, ta sanya kasuwanci cikin tsangayoyinta na farko, Jami'ar Nijeriya ta Nsukka kuma ta ajiye tata tsangayar a reshenta na Inugu. A 1965 doka ta kafa Cibiyar Ƙwararrun Akantoci ta Nijeriya, wato ICAN. Da gwamnatin Janar Gowon ta fitar da dokar mayar da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa a 1972, gwamnatin Janar Obasanjo kuma ta faɗaɗa ta a 1977, sai buƙatar manajoji 'yan ƙasa ta ƙaru ƙwarai. Manhajar wancan zamani ta yi aikin da aka tsara ta dominsa, saboda kamfanoni irin su UAC da John Holt da manyan bankuna su ne suke ƙarasa horon. Sukan ɗauki sabon ma'aikaci su zaga da shi sassa daban-daban kafin su ba shi ragamar wani reshe.

Wancan zamani ya wuce. Tun daga shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 darajar Naira ta yi ta faɗuwa, kuɗin shigo da kayan gyara da ɗanyun kaya ya yi ta hauhawa, ga matsalar wutar lantarki da kayan sumoga. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahunta a 2007, masana'antu da dama a Bompai da Sharaɗa kuma suka koma ɗakunan ajiyar kaya. Haɗe bankuna da Babban Bankin Nijeriya ya kammala a ƙarshen 2005 ya mayar da su 25 daga 89. Binciken da hukumar SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka yi na shekarar 2020 ya ƙirga ƙanana da matsakaitan sana'o'i sama da miliyan 39, kuma mafi yawansu ba su kai ma'aikata goma ba. Ke nan yawancin masu digirin kasuwanci na yau ko dai su yi aiki a ƙarƙashin ɗan kasuwa guda mai shago biyu ko uku, ko su kafa nasu. A duka biyun babu wani sashen horaswa da zai ƙarasa abin da jami'a ta bari.

Hukumomi sun lura da wannan sauyi. A 2006 gwamnatin tarayya ta umurci jami'o'i, ta hannun Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, da su wajabta wa kowane ɗalibi darasin dogaro da kai, aka fara aiki da umurnin a zangon karatu na 2007/2008, jami'o'i da yawa kuma suka gina cibiyoyin koyar da sana'a. Hukumar yi wa ƙasa hidima ta ƙara nata shirin koyar da sana'o'i a 2012. Masu zaman kansu ma sun taka rawa. Makarantar Kasuwanci ta Legas ta fara aiki a 1991, a 2018 kuma Alhaji Aliko Ɗangote ya miƙa wa Jami'ar Bayero ta Kano ginin makarantar kasuwanci na Naira miliyan 1,200. Duk wannan abin yabo ne. Sai dai manyan makarantun kasuwanci sun fi amfanar wanda ya riga ya zama manaja yana neman ƙarin ilmi, darasin dogaro da kai kuwa a wurare da yawa ya koma lacca a zaure mai ɗaukar ɗaruruwan ɗalibai, inda ake haddace ma'anoni a rubuta a jarrabawa, a rufe da haɗa sabulu ko man shafawa na yini biyu. Shirin SIWES na tura ɗalibai masana'antu, wanda aka fara a 1973, ya fi karkata ga ɗaliban injiniya da kimiyya da aikin gona. Haɗa sabulu sana'a ce mai kyau, amma wanda ya iya haɗa ta bai zama lalle ya iya sanya mata farashi, ko bin bashin masu sari, ko biyan ma'aikata a watan da ciniki ya mutu ba.

Ita kasuwa tana da tata makarantar tun kafin zuwan boko, kuma darasinta na farko shi ne amana. Yaron shago yakan fara da shara da ɗaukar kaya, sai a aike shi da 'yan kuɗi kaɗan a ga ko canji zai dawo daidai, sai a bar masa shago na yini guda, sai a tura shi saro kaya a wani gari, har ranar da maigida zai sallame shi da jari ko ya tsaya masa a ba shi kaya bashi. 'Yan kasuwar Ibo sun tsara irin wannan hanya sosai, ita ce ta cika kasuwannin Alaba da Ariaria da Nnewi da masu shaguna waɗanda yawancinsu yaran wani ne a da. A unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, cinikin shanu da goro ya daɗe yana tafiya bisa maganar fatar baki. Mai shanu ya sauka a gidan maigida, dillali ya sayar wa mahauta bashi, maigida ya ɗauki lamunin biya. Wani masani mai suna Abner Cohen ya wallafa littafi guda a kan wannan tsari a 1969. Abin da ya riƙe tsarin shi ne kowa ya san kowa, kuma wanda ya ci amana sau ɗaya ya rufe wa kansa kasuwa.

Amma ita ma wannan makaranta tana da iyaka, iyakarta kuwa ita ce ran maigida. Da wuya a sami babbar kasuwa a ƙasar nan da ba za a nuna shagon wani attajiri da ya watse cikin 'yan shekaru bayan rasuwarsa ba. Dalilan ba sa canjawa. Kuɗin shago da kuɗin cefane a aljihu ɗaya suke, basussukan da ake binsa da waɗanda yake bi a kansa suke, babu littafin da magada za su buɗe, rabon gado kuma ya yanyanka jarin yadda babu mai iya ci gaba da harkar. Gidajen da suka tsallake wannan su ne waɗanda suka haɗa horon kasuwa da na takarda. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar Gwanja kana ya zama babban mai sayen gyaɗa, ya rasu a 1955, amma harkarsa ta ci gaba a hannun 'ya'yansa a matsayin kamfani. Aliko Ɗangote, jikan wannan gida ta wajen uwa, ya yi karatu a Jami'ar Azhar ta Alƙahira, ya kuma fara ciniki a 1977 da rancen da kawunsa ya ba shi. Alhaji Abdussamad Rabi'u ya karanta tattalin arziki a Amurka, ya riƙe harkokin mahaifinsa Khalifa Isyaku Rabi'u, sannan ya kafa kamfanin BUA a 1988. Su biyun an ba su dukiyar wani sun riƙe tun suna samari, akwai kuma wanda zai tambaye su lissafi.

Wanda yake ganin digiri kaɗai ya wadatar, ya tuna da bankunan da suka durƙushe. A 1994 gwamnatin Janar Abacha ta kafa dokar bankunan da suka rushe tare da kotuna na musamman, a watan Janairu na 1998 kuma aka soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya. A 2009 Babban Banki a ƙarƙashin Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi ya tuɓe shugabannin wasu bankuna, ya kuma zuba Naira miliyan dubu 620 domin kada kuɗin masu ajiya ya salwanta. Waɗanda suka tafiyar da waɗannan bankuna masu ilmi ne, da yawansu suna da digiri biyu da takardun ƙwarewa. Abin da bincike ya yi ta bankaɗowa shi ne basussukan da shugabanni suka ba kansu da abokansu ba tare da jingina mai ƙwari ba, da littattafan da aka gyara domin a ɓoye asara. Lissafi ba ya ba su wuya. Sun rasa sabon tsayuwa a gaban masu dukiya su ba da bayani na gaskiya, irin wannan sabo kuwa da ƙuruciya ake yinsa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A nan ne ƙungiyoyin ɗalibai suka shigo. Kusan kowane sashe a tsangayar kasuwanci yana da tasa, kamar ƙungiyar ɗaliban akanta ta NUASA da ta ɗaliban tattalin arziki ta NESA. Akwai kuma rassan ƙungiyoyin duniya, irin su AIESEC da aka kafa a Turai a 1948 domin musayar ɗalibai tsakanin ƙasashe, da rassan jami'a na ƙungiyar matasan 'yan kasuwa ta JCI. Kowace tana da shugaba da sakatare da ma'aji, tana karɓar kuɗin ƙungiya, tana tsara abin da za ta kashe, tana zaɓe, tana miƙa mulki a ƙarshen shekara. Wannan siffar kamfani ce a taƙaice, membobi su ne masu hannun jari, shugabanni su ne daraktoci, babban taron ƙarshen shekara kuma shi ne ranar ba da lissafi. Matashi ɗan shekara ashirin da aka zaɓa ma'aji zai san ɗacin bin abokinsa bashi, zai san nauyin ƙin sa hannu a kan takardar da shugaba ya kawo ba rasit, abubuwan da babu laccar da za ta ɗanɗana masa su.

Ƙungiyar SIFE da aka kafa a Amurka a 1975, wadda ta sauya suna zuwa Enactus a 2012, kuma take da rassa a jami'o'i da kwalejojin fasaha na ƙasar nan, ta nuna yadda za a iya ɗaga darajar irin wannan aiki. Ɗalibai sukan zaɓi wata matsala a unguwa ko ƙauye, su kafa sana'ar da za ta magance ta, su tafiyar da ita tsawon shekara, sannan su tsaya a gaban alƙalai waɗanda shugabannin kamfanoni ne su gabatar da rahoto cikin ƙayyadadden lokaci. Wadda ta zo ta ɗaya a gasar ƙasa ita ke wakiltar Nijeriya a gasar duniya. Kofin ba shi ne mai muhimmanci ba a wannan tsari. Amfanin yana cikin 'yan mintocin da alƙalai ke tambayar nawa aka zuba, nawa ya dawo, mutum nawa suka amfana, kuma wa zai riƙe sana'ar bayan waɗannan ɗalibai sun gama karatu.

Sai dai dole a faɗi gaskiya game da halin da yawancin ƙungiyoyin sassa suke ciki. Aikin shekara yakan tattaru a kan mako guda na shagali, a buga riguna, a yi liyafar cin abinci a otel, a raba lambobin yabo ga 'yan siyasa da attajirai bisa tsammanin ambulan da za su bari. Kuɗin ƙungiya a wasu wurare tilas ne ga kowane ɗalibi, amma da wuya a ga an liƙa takardar yadda aka kashe shi. Zaɓe yakan ɗauki salon siyasar waje, da fastoci da rabon kuɗi da ɓangarancin jiha ko addini, shugabanni masu barin gado kuma su miƙa wa magadansu asusun da babu komai cikinsa. Wannan ma horo ne, amma horo ne na ɓarna. Matashin da ya ga an cinye Naira dubu ɗari biyar ta abokan karatunsa babu wanda ya ce uffan ya riga ya ɗauki darasin da zai tafi da shi ofishin banki ko ma'aikatar gwamnati. Jami'ar da ke koyar da binciken kuɗi a aji, ta kuma kau da kai daga asusun ƙungiyar da ke ƙofar ajin, tana rusa da hagu abin da ta gina da dama.

Gyaran farko ba ya buƙatar kasafin gwamnati. Kowace ƙungiya ta buɗe asusun banki da sunanta, mai sa hannun mutum biyu ko uku, a hana ajiye kuɗin jama'a a asusun wani ɗalibi. A riƙe littafin shige da fice tare da rasit na kowace Naira. A ƙarshen kowane zango ɗaliban akanta na ajin ƙarshe su binciki littattafan a ƙarƙashin kulawar malami, a ba su maki a kan aikin, a liƙa sakamakon a allon sanarwa inda kowane memba zai gani. Shugaban da bai ba da lissafi ba, kada a sa masa hannu a takardar sallama ta jami'a sai ya bayar. Da wannan kaɗai, ɗaliban akanta sun sami littattafan gaske da za su bincika, masu riƙe da muƙami kuma sun saba da cewa bayan kashe kuɗi akwai tambaya.

Gyara na biyu shi ne a ba ƙungiyoyin 'yar sana'a ta gaske wadda za a iya cin riba ko a faɗi a cikinta. Harabar jami'a gari ce mai dubban mutane masu cin abinci da buga takardu da hawa mota. Ƙungiya tana iya riƙe shagon buga takardu, ko ta sayi wake da masara da kaka ta adana ta sayar wa masu dafa abinci da bazara, inda za ta koyi kuɗin buhu da na sito da maganin ƙwari da haɗarin faɗuwar farashi. Jarin ya zama mai juyawa, wato kowane rukuni ya miƙa wa na bayansa uwar kuɗi da bayanin riba ko asara. Ga masu gudun kuɗin ruwa, fiƙihun Malikiyya ya daɗe da bayanin ƙiradi, inda wani ya ba da jari wani ya yi aiki, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya, asara kuma ta hau kan mai jari muddin mai aiki bai yi sakaci ba. Irin wannan ma'amala tana cikin ginshiƙan bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, waɗanda suka fara da bankin Jaiz a 2012. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da yankinta, don haka babu abin da zai hana majalisar jami'a ta mayar da wannan aiki darasi mai maki.

Gyara na uku shi ne a fitar da ƙungiyoyin daga haraba zuwa kasuwa. Makarantar kasuwanci ta Harvard, wadda aka kafa a 1908, ta yi suna ne da koyarwa ta hanyar labarin kamfanoni na gaske, a ajiye wa ɗalibi matsalar da wani manaja ya fuskanta a ce ya yanke shawara. Ɗaliban ƙasar nan suna karanta irin waɗannan labarai na kamfanonin Amurka da Ingila, alhali na ƙofar gidansu kaɗan ne aka rubuta. Kuɗin da buhun albasa ke ci daga Aliero zuwa Legas, da yawan kwandunan tumatir da ke lalacewa kafin tirela ta isa Mile 12, da harajin da ake karɓa a kan motar shanu daga Potiskum zuwa kudu, duk darussa ne da ɗalibai za su iya bi su rubuta. Masana'antar tumatir ta Kadawa, wadda aka buɗe a 2016 ta kuma sha tsayawa saboda ƙarancin ɗanyen tumatir, ta isa a yi zango guda ana nazarinta. Ɗalibai suna iya taimaka wa 'yan kasuwa wajen tsara littafin ciniki, da raba kuɗin gida da na shago, da yin rajista, musamman tun da dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Ɗalibai mata kuma suna iya shiga gidajen da maza ba sa shiga, inda mata ke juya jari mai yawa a sana'ar abinci da ɗinki da adashi ba tare da rubutu ba.

Akwai kuma fa'idar da ta wuce lissafi. Rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairu na 2021, da dakatar da kai abinci da shanu kudu da ya biyo baya, sun nuna yadda cinikin Arewa da Kudu yake rataye a kan zumunci. Cikin 'yan kwanaki farashin kayan gwari ya tashi a Legas, ya kuma faɗi warwas a hannun manoman Arewa, kowane ɓangare ya yi asara. Idan ƙungiyar ɗalibai a Sakkwato ta saba aika wa takwararta ta Nsukka ko Ife kaya, a biya a kan lokaci, a warware saɓani a rubuce, to an fara ƙulla irin dangantakar da 'yan kasuwar gobe za su dogara da ita ranar da hankula suka tashi.

Za a iya cewa ɗalibai za su cinye jarin. Wasu za su cinye, kuma gara a gane mai hannun ɓera a kan Naira dubu ɗari biyu da a gane shi bayan ya zama manajan reshe. Za a ce sana'a za ta ɗauke musu hankali daga karatu, amma lokacin da ake ɓatawa a kan shirya liyafa da yaƙin neman zaɓe ya ishi wannan aiki. Hujja mafi ƙarfi ita ce ta yajin aiki da ƙarancin malamai. Jami'o'in gwamnati sun rufe kusan wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, kuma babu shagon da zai rayu a harabar da babu kowa. Wannan dalili ne na zaɓen sana'ar da za a iya dakatarwa ba tare da jari ya narke ba, da kuma jawo tsofaffin ɗalibai da akantocin gari su rage wa malamai nauyi. Su ma 'yan kasuwa suna da tsoron buɗe littafinsu ga baƙo saboda haraji da 'yan gasa, don haka dole ɗalibi ya sa hannu a kan alkawarin riƙe sirri, wanda shi ma darasi ne na sana'ar akanta.

Kaso mafi girma na wannan aiki yana wuyan 'yan kasuwa. Cibiyar Ciniki ta Legas tana nan tun 1888, akwai takwarorinta a Kano da Kaduna da Inugu da Fatakwal, ga ƙungiyar masu masana'antu da ƙungiyoyin kasuwanni da shugabannin Hausawa mazauna kudu. Attajirin da ɗalibai suka kawo wa lambar yabo yana iya cewa ba zai ba da sisi ba sai ya ga lissafin bara. Maimakon kuɗin liyafa, yana iya ba da ɗan jari bisa ƙiradi, ya ware yini ɗaya a zango ya zauna a matsayin alƙali, ya karɓi ɗalibai biyu a shagonsa lokacin hutu. Ribar da zai samu a fili take, domin zai ga yadda matasa masu ilmi suke yi da kuɗin wani tun kafin ya ɗauki ɗayansu aiki, zai kuma iya samun wanda zai rubuta harkarsa yadda za ta rayu bayan ransa.

Ya rage ga shugabannin tsangayoyin kasuwanci su fara da abin da ke hannunsu a zangon karatu mai zuwa, wato su umurci kowace ƙungiya da ke ƙarƙashinsu ta kawo littafinta a bincika kafin a yarda ta karɓi kuɗin membobi. Cibiyoyin ciniki na jihohi kuma su naɗa mutum biyu ko uku daga cikin membobinsu da za su halarci ranar ba da lissafin. Jami'ar da ta fara yin haka za ta iya ba kowane ma'aji da shugaban da ya fita lafiya takardar shaida ta biyu bayan digiri, mai nuna adadin kuɗin da ya riƙe da sunan wanda ya bincike shi, kuma irin wannan takarda ce ɗan kasuwa zai tsaya ya karanta.